'Yan Aro Da 'Yan Gumi

Shafi na 27

Masu cewa shafukan nan sun cika gajarta, na ji ku. Ke kuma da kika rantse in ban rama wa Auta ba, za ki daina karantawa, koma ki zauna tukuna. Ku dai rage zagina a kan Madubi, ba ni na haife shi ba.

*

Sitati tana tsaye a bakin teburin guga lokacin da mota ta tsaya a ƙofar shagon wankin Kawunta. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Tun da safe Kawu ya ja mata kunne kafin ya fita kai zannuwan otal, cewa kayan gidan Yallaɓai za su zo, ta karɓa da hannu biyu kuma ta kama bakinta.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar masu guga."

Dutsen guga ya tsaya a hannunta. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta haka, kuma rabonsa da ƙofar nan tun ranar da aka tuɓe ƙaninta Auta a bainar jama'a.

Madubi ne, tsohon saurayinta.

Ta kalle shi daga sama har ƙasa, ta sake kallonsa daga ƙasa har sama. Da a hanya ta gamu da shi, sadaka za ta miƙa masa. Mutumin da ya samo sunansa saboda ko gilashin motar mutane ba ya wucewa bai gyara wuyan riga ba, yau shi ne cikin wando duk ɗigon fenti, gwiwa a yage, da riga mai baƙin mai a ƙirji. Sai dai agogon hannunsa sabo ne fil, ƙamshin turarensa kuma ya riga shi shigowa.

"Gobara aka yi a gidanku?" ta ce.

Ya bushe da dariya, ya juya don ta ga bayan wandon.

"Shi ake yayi, Sitati. Wannan shi ne Gumi. Ke dai kina nan jiya i yau."

"To Allah ya ƙara tsiya."

"Amin, in dai irin wannan ce."

Bari in tuna wa waɗanda suka same mu a tsakiyar hanya. Samarin unguwar ƙasan gada, inda su Sitati suke, ana ce musu 'Yan Aro. Kayan masu kuɗi idan an wanke an goge, kafin masu su su aiko a karɓa, sai su fita ta ƙofar baya. Yaro ya sa, ya je gaban dogon ginin gilashi ya ɗauki hoto, ya watsa a waya, ya maido kafin a rufe shago. Kuma da dokokinsu, ba haka kara zube ba: ba a zama da rigar aro, ba a cin komai, ba a fesa turare, uwa uba ba a yin gumi a cikinta. Madubi ne shugabansu, Auta ne mai miƙa kayan.

Su kuma yaran saman tudu, waɗanda aka haifa a cikin sanyin na'ura, sabon kaya ya gundure su. Sai suka ƙirƙiro nasu salon, wai Gumi. Rigar makaniki, wandon mai fenti, jaket ɗin mai walda, in dai da gaske an yi aiki a ciki har ta ji jiki, ita ce ado. Jagoransu Ƙaramin Yallaɓai, wanda tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗaga abin da ya fi mukullin mota nauyi ba.

Farar jaket ɗinsa ce Auta ya ara a ranar. Yana tsaye ana ɗaukarsa hoto sai ga mai rigar da abokansa kamar an jefo su. Suka tuɓe shi daga shi sai gajeren wando, suna dariya suna ɗauka a waya. Kafin rana ta faɗi duk gari ya ga haƙarƙarin Auta. Kawu, ƙanin mahaifiyarsu guda, ya kore shi daga aiki a gaban direban gidan Yallaɓai don kada ya rasa masu kawo masa wanki. Tun daga nan yaron ya shige ɗaki, ko labule ba ya ɗagawa.

Abin da Sitati take kwana da shi take tashi da shi ke nan.

Direba ya gama jibge buhunan a gaban kanta ya koma mota. Madubi ya dafa ɗaya kamar mai dafa kan ɗansa.

"Kayan bikin yau ne. Da yamma za a nuna su a babban ɗakin taro, iyayensu duk za su zo, da masu ɗaukar hoto. Ki saurara da kyau, don aikin ba irin wanda kuka saba ba ne."

"Ina ji."

"Ruwa kada ya taɓa su. Ko ɗigo. Tururi kawai za ki ba su, ki rataye. A kashe warin, a bar dattin."

Sitati ta jingina dutsen guga a tsaye.

"Wato gumin suke so, warin gumin ne ba sa so."

"Kin gane ke nan."

"Na gane mana. Su ci nama su bar wa masu shi ƙashi, ai ba yau aka fara ba."

Ta kwance buhun farko. Warin gareji ya buso, na tsohon mai da ƙarfe da jikin mutum. Ta fara cirowa ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan kanta. Wando mai busasshen siminti a gwiwa. Riga mai garin katako a aljihu. Kowace an maƙala mata ɗan kati mai zanen ɗigon gumi da ruwan zinare. Ta so ta yi magana, amma Kawu ya ce ta kama bakinta.

A ƙasan buhu na biyu hannunta ya taɓa wani shuɗin yadi.

Tun kafin ta warware ta gane ta. Rigar aiki ce irin mai haɗe da wando, ta koɗe a kafaɗa, baƙin mai ya zauna a cinyoyinta inda mai ita yake goge hannu. A kan aljihun hagu akwai tabon ƙuna, sak siffar dutsen guga. Ita ta yi shi da hannunta tana 'yar yarinya, ranar da ta nace sai ta goge wa Baba rigarsa. Bai dake ta ba. Cewa ya yi yanzu rigar ta samu lamba, ba mai sace ta.

Tunda Baba ya rasu rigar tana cikin akwatin Mama. Mama ta hana a wanke ta.

"Madubi."

Muryarta ta yi ƙasa sosai, irin ƙasan da waɗanda suka san ta suke ja da baya.

"Ina ka samo wannan?"

"Af, kin gane ta?"

"Tambayarka na yi."

"Kada ki kalle ni haka, ba sata na yi ba. Auta ne ya ba ni da hannunsa."

"Ƙarya kake."

"Wallahi. Ke ba ki san an shirya ba? Ƙaramin Yallaɓai ya aike ni na ba shi haƙuri. Ya ce abin da ya wuce ya wuce. Yau Auta ne zai buɗe bikin, shi zai fara hawa dandamali sanye da rigar Babanku. Ɗan makaniki na gaske cikin rigar makaniki ta gaske. Daga yau ƙaninki ya zama mutum."

"Da can dabba ne?"

"Ke dai ba a yi miki gwaninta."

Sitati ta rungume rigar a ƙirjinta. Kanta ya ɗaure. Auta da ko ƙofar ɗaki ba ya buɗe mata sai ta yi magiya, yaushe ya yi magana da wannan har ya buɗe akwatin Mama?

Wayar Madubi ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta washe.

"Kin gani? Shi ne da kansa."

Da ya kara a kunne kamar kowa, da ba mu ji komai ba. Amma Madubi ba zai iya shan ruwa ba sai an gan shi. Ya danna wayar ya buɗe muryar, ya ajiye ta a kan kanta don mai guga ta ji da wa yake hulɗa yanzu.

"Yallaɓai, barka da hutawa. Ina shagon wankin ma."

"Mutumina!" Muryar ta fito da kiɗa a bayanta. "Ina yaron namu? Ka tabbata zai zo?"

"Zai zo, Yallaɓai. Ai yana ta murna. Ga ma..."

"Yanzu muka gwada bidiyon a babban allo. Kai, ka ga haƙarƙari? Har na baya ana gani!" Wasu suka kwashe da dariya a can. "Yana isa tsakiyar dandamali da rigar tsohon nasa, sai a kashe fitilu, bidiyon ya tashi a bayansa. Sannan rubutu ya fito. Ka ji abin da na sa? Jiya ya ari tamu, yau mun sayi ta ubansa."

Madubi ya wawuri wayar, sai da ya danna wurare uku kafin muryar ta mutu.

Ya cusa ta a aljihu.

"Wasa yake yi," in ji Madubi. "Ka san... kin san yaran nan da wasa."

Sitati ta ninke rigar Baba a hankali ta ajiye gefe. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi ihun da ya fi masa sauƙi.

"Akwai tambayar da na daɗe ina ajiye maka."

"Ina sauri, Sitati."

"Za ka tafi. Ranar da aka tuɓe Auta, wa ya san rigar da ta fita? Ni na goge ta, Auta ya sa ta, kai ka zaɓi wurin ɗaukar hoton. Garin nan da faɗinsa, ta yaya mai riga ya san ƙofar ginin da zai je?"

"Tsautsayi ne."

"Tsautsayin da ya zo da mota biyu da masu ɗaukar bidiyo?"

Ya kalli ƙofa. Ya kalli agogonsa. Sai kuma ya ɗaga kafaɗa, fuskarsa ta koma wata iri, kamar wanda ya gaji da riƙe numfashi.

"To ni ne. Ni na faɗa. Sai me?"

Ta daɗe da sani a ranta, amma yau ta ji daga bakinsa.

"Sai me, ka ce?"

"Eh, sai me! Shekara nawa muna aro, Sitati? Ka sa rigar wani, ka tsaya ƙiƙam kamar gunki, ba zama ba tari, rana tana dukanka kana tsoron gumi. Ka ɗauki hoto a ƙofar ginin da maigadi ba zai bar ka ka leƙa ba. Ka dawo ka tuɓe ka koma cikin tsummanka. Wannan rayuwa ce? Mu muna mutuwa mu yi kama da su, su ko sunanmu ba su sani ba."

"Yanzu sun san naka."

"Sun sani! Ina shiga gidansu ta ƙofar gaba. Ina zama a kujerarsu. Suna tambayata yadda ake naɗe hannun riga, yadda makaniki yake rataya tsumma a aljihun baya, suna kwaikwayo. Abin da muke ɓoyewa shi suke nema, ni kaɗai na gane haka da wuri."

"Shi ya sa ka sayar musu da yaron da yake kiranka Yaya."

"Ƙofar mutum ɗaya take ɗauka. Sun ce in nuna musu mai fitar da kayansu. Da ban nuna shi ba, da ni za a tuɓe."

"Ka ci a kwanonmu, Madubi. Ranar da babarka ta kwanta asibiti, a ɗakin Auta ka yi ta kwana."

"Na sani."

"Kuma ka koma ka ƙwanƙwasa ɗakin nan, ka ce masa an yafe, don a sake tuɓe shi a gaban iyayen mutane. Wannan karon har da Baba a kabarinsa."

Madubi ya sunkuyar da kai. Ni dai ban ga kunya a wurin ba, lissafi na gani.

"In kin ga dama ki hana shi zuwa," ya ce. "Ni ban ce komai ba. Amma kayan nan ki yi musu abin da aka ce. Kin san gidan Yallaɓai su ne rabin cinikin Kawunki. In suka juya baya, shagon nan ko wata biyu ba zai ƙara ba."

Sitati ta yi murmushi. Rabon da a ga haƙoranta tun kafin abin ya faru.

"Je ka. Ku aiko da yamma."

"Kin tabbata ba..."

"Na ce je ka. Ƙamshinka yana hawa mini kai."

Ya fita yana waige. Tana jin tashin motar ta je ta ja ƙofar gaba ta sa sakata.

Ta tsaya a tsakiyar shagon tana kallon tulin kayan. Hana Auta zuwa abu ne mai sauƙi, ta kulle shi a ɗaki in ta kama. To sai me? A yi biki, a yi tafi, a haska bidiyon ko da shi ko ba shi, rigar Baba kuma a sa wa wani ɗan gata ya yi rangaji a cikinta. Gobe Ƙaramin Yallaɓai ya tashi da sabon suna, Madubi ya ƙara agogo, Auta yana nan a bayan labule.

A'a. Rama cuta ga macuci ibada ne, kuma yau ita za ta yi limanci.

Datti suka tara, da shi suke taƙama, shi suka gayyaci iyayensu su gani. Ita kuwa sana'arta wanki.

A ƙuryar shagon akwai babban injin da ake wanke zannuwan otal, wanda suke kira Giwa. Ta buɗe bakinsa ta fara ɗura kayan. Wandon siminti ya shiga. Jaket ɗin walda ta shiga. Ko katin zinaren ba ta tsaya cirewa ba. Duk wadda ta jefa sai ta tuna wata fuska a cikin bidiyon nan, don ta kalle shi har ta haddace masu dariyar. Wannan ta mai riƙe hannun Auta ce. Wannan ta mai jan wandonsa. Wannan ta yarinyar da take cewa a juyo da shi a ga fuskarsa.

Ta zuba garin sabulu ba awo. Ta jawo jarkar ruwan cire tabo, mai ƙarfin nan da Kawu yake auna shi da murfi yana ja mata kunne cewa yana cinye launi, ta tuttule ta gaba ɗaya. Warinsa ya sa idonta ya kawo ruwa.

Shagon Kawu ya faɗo mata a rai. Ta ga tsohon yana durƙusa wa direba ranar da ya kori ɗan 'yar'uwarsa, yana cewa a gaya wa Yallaɓai ya fitar da ɓaragurbin. Tausayin da ya taso mata ya koma inda ya fito. Wanda ya zaɓi ciniki a kan jini, to ya ci cinikin.

Saura rigar Baba.

Ta ɗauke ta, ta zauna a kan buhun da babu komai, ta cusa fuskarta a ciki. Yana nan. Warin man inji da sabulun da yake wanke hannu, da wani abu da ba shi da suna wanda nasa ne shi kaɗai. Shi ya sa Mama take buɗe akwatin idan ta ɗauka kowa ya yi barci. Duk abin da ya rage musu na mutumin ke nan.

Tana iya ɓoye ta. Ta sa a jakarta ta mayar akwati, Mama ba za ta taɓa sani ba.

Amma ta san halin su Ƙaramin Yallaɓai. In suka rasa komai suka samu wannan, ta ishe su. Za su birkita gidan su Sitati su ƙwace ta, su ce an biya, su tsayar da Auta a cikinta ko shi kaɗai ne a dandamalin. Muddin dattin nan yana jikinta, abin sayarwa ce.

Hawayen ya zubo mata sosai, ba ta share ba.

"Baba, ka yafe ni. Gara in wanke ka da hannuna da a yi dariya da kai."

Ta sa ta a saman kayan, ta tura murfin har ya yi ƙara, ta murɗa zuwa ruwan zafi, ta danna.

Giwa ta yi gurnani ta fara shan ruwa. Idan ta kama aiki ƙofarta ba ta buɗuwa sai ta gama, ko mai ita ne ya zo. Sitati ta tsaya tana kallo ta gilashin. Ruwan ya fara da fari, ya koma ruwan ƙasa, ya koma baƙi ƙirin. Katunan zinaren suka jiƙe suna yawo a cikin kumfa.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin wanda ta manta da shi. Ta wanke fuska, ta koma kan teburinta ta ci gaba da gugar da ta bari. Har da 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Ta goge riguna, ta rataye, ta sa leda. Duk sanda ta waiwaya ta ga shuɗi yana komawa fari-fari a bayan gilashin, sai ta ƙara danna dutsen da daɗi.

Rana ta karkata lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, ƙofar aro, wadda ba a sake taɓawa ba tun ranar da aka tuɓe Auta.

"Wane ne?"

"Yaya, ni ne. Buɗe da sauri."

Ta kusa ƙona hannunta. Ta zare sakatar.

Auta ne tsaye a cikin hasken rana. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma ya yi sabon aski kuma idonsa yana da rai. Ta manta rabon da ta gan shi a waje.

Ta jawo shi ciki ta rufe.

"Auta, ba inda za ka. Ka ji ni? Tarko ne. Bidiyon nan za su haska a bayanka, da kunnena na ji. Kuma Madubi ne ya kai ka tun farko, da bakinsa ya..."

"Na sani."

Ta saki hannunsa.

"Ka san me?"

"Duka. Tun ranar da ya zo ba ni haƙuri na sani. Madubi in zai yi ƙarya agogonsa yake kallo." Ya yi wata dariya da ba ta san shi da ita ba. "Yaya, kin ɗauka kwanciya kawai nake yi a ɗakin nan? Kina fita aiki nake fita."

"Zuwa ina?"

"Gareji. Wurin masu walda. Wurin kafintoci. Ba ki ji ana ta kukan ɓatan kayan aiki a unguwa ba? Mutum ya rataye rigarsa a ƙusa ya je cin abinci, ya dawo babu. Baba Mai Fenti wandonsa biyu aka ɗauke a kan igiya."

Gaban Sitati ya faɗi, ba ta san dalili ba tukuna.

"An ba Madubi kuɗi ya sayo kayan a hannun masu su," Auta ya ci gaba, yana magana da sauri yana haɗiye rabin kalmomin. "Shi kuwa ya sa a aljihu ya bi ya kwashe su a ɓoye. Duk kayan bikin nan na sata ne, Yaya, in ban da na Baba. Shi ma na bayar ne don su yarda da ni."

"Auta..."

"Tsaya ki ji. Abokan Baba duk na haɗa su. Yanzu haka suna cikin ɗakin taron, sun shiga a matsayin masu jera kujeru. Zan hau, su haska bidiyonsu, su yi dariyarsu, zan tsaya ban motsa ba. Ina jira yaran su fito gaba ɗaya, kowa sanye da nasa. Sannan mutanenmu su hau dandamalin. Kowa ya kama rigarsa a jikin wanda ya sa ta, ya ce tawa ce, ga shaidar aikina, tuɓe!"

Ya kama kafaɗunta yana girgiza ta, idonsa ya ciko.

"A gaban iyayensu, Yaya. A gaban masu hoto. Ƙaramin Yallaɓai jaket ɗin Baba Mai Walda zai sa, kin san hannun Baba Mai Walda. Yau za a ga nasa haƙarƙarin. Yau gari zai san su waye 'yan aro na gaske, mu da muke maidowa ko su."

Sitati ta cire hannayensa daga kafaɗunta.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na san zuciyarki. Da kin ji, da kin je kin shaƙe Madubi kin ɓata komai." Ya share ido da bayan hannu. "Abu ɗaya kawai ya rage, su sa kayan nan a jikinsu yau. Shi ke nan. Kuma ni aka damƙa wa su, Ƙaramin Yallaɓai a gaban babansa ya ce amanar kayan tana wuyana har a kai."

Daga waje aka danna hon, dogo, sau biyu.

"Ga shi nan ma. Da kansa ya kawo ni, wai yana so a ɗauke ni a bidiyo ina fito da kaya daga shagon da aka kore ni. Na ce ya jira in zagaya in shirya su. Bar shi ya ɗauka, na ƙarshe ne." Ya waiga yana duba ratayen hanga, ya duba kan kanta, ya duba buhunan da suke yashe a ƙasa. "Ina kika rataye su?"

Sitati ta waiwaya wajen injin.

A ƙuryar shagon Giwa ta zubar da ruwanta ta fara juyin matsewa, ƙasa tana rawa. Auta ya juya a hankali. Wani hannun riga, fari tas kamar ba a taɓa aiki da shi ba, ya manne a jikin gilashin ya wuce.

Aka buga ƙofar gaba da ƙarfi.

"Mai wanki! Buɗe mana, muna ɗauka!"

Auta bai kalli ƙofar ba. Ita yake kallo.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. "Mene ne a cikin injin nan?"